Na Kashe Muryar Turmin Inna

A shekarun da fari ya matsa mana a ƙasar Gobir, ni saurayi ne mai ji da kansa, ban daɗe da dawowa Sabon Birni daga karatun kwamfuta a Sakkwato ba. Na kama ɗan shago kusa da tasha, na sa teburi da benci da wani ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, na rubuta a ƙofa cewa a nan ake gina shafin intanet. Mutane suna wucewa suna dariya, wai wa zai sayi gidan da ba a kwana a cikinsa. Ni kuwa ko a jikina, domin na san abin da na iya. Kuma Edita, ba za ni yi maka tawali'un ƙarya ba: na iya aikina a lokacin, yanzu ma na fi iyawa. Daga Isa har bakin iyaka babu wanda ya kai ni sanin yadda ake ɗora bidiyo a shafi ya buɗe a ƙaramar waya, a wurin da sabis ke zuwa yana komawa. Ban rubuto don in ce ni ba gwani ba ne. Na rubuto ne domin gwanintar tawa ita ta cuci gidan da ya fi kowane gida soyuwa a raina, kuma ina son masu sana'a irin tawa su ji yadda abin ya faru. Ba za ni ambaci sunan kowa ba.

Gidan na kawuna ne, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye tsakanin Tsamaye da Gangara. Kawu manomi ne tun tashinsa, dogon mutum mai tsagen Gobir, maganarsa ba ta da yawa. In ka tambaye shi ya gida, ko da wuta ke cin ɗakinsa zai ce maka sai godiya. Abin da anka san shi da shi a yankin shi ne irin geronsa. Wani gero ne gajere mai saurin nuna, wanda kakansa ya zo da shi, kuma tun daga wancan lokaci ba a taɓa barinsa ya yanke a gidan ba. Kowace kaka Kawu da kansa ke zagaya gona yana zaɓen zangarniyoyin da sunka fi cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye shi a rufin ɗakinsa saitin inda yake kwana. Ba a taɓa damin nan ko bikin wa ake yi, sai ruwan shuka ya sauka. Alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa tsayawa gaban mai awo ya sayi iri ba, ubansa ma bai taɓa ba. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, 'ya'yanta mata duk sun yi aure, namijin guda ne, taubashina kuma sa'ana, yana can kurmi yana sayar da albasa. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Yana kirana ɗan inji, saboda a gidanmu na cikin gari ba a daka, injin niƙa ake kai wa hatsi. Ni kuma ina ce masa ya matsa can, warin albasarsa zai lalata mini kwamfuta.

Taubashin nawa yana cikin wata ƙungiya ta 'yan yankinmu da ke neman abinci a kurmi, masu albasa da masu dako da masu gadi da sauransu. Su ne sunka nemi in gina musu shafi, domin duk wanda ke nesa ya riƙa leƙawa yana jin labarin gida, su kuma samu wurin sanar da taro da gudummawa. Hotuna kawai sunka nema da ɗan rubutu. Ni na ce sam, hoto ya zama tsohon yayi. Na ce abin da za ni yi musu shi ne, da zarar mutum ya buɗe shafin, tun kafin ya taɓa komai, gida zai motsa a gabansa, ya ga ƙofar gari, ya ga jakuna, ya ga hayaƙin girki. Shugabansu ya tambaya ko hakan ba zai cinye wa talaka data ba, na ce ya bar mini wannan, aikina ne. Da anka zo batun gidan da za a ɗauka, ban ko nemi shawara ba na ce gidan Kawu, domin a can ne za ni iya shiga har cikin gida ba sai an yi mini iso ba.

A ƙauyen babu sabis sai an hau wani tudu a bayan gari, inda waya kan kamo na Nijar. Sai na aika wa Kawu saƙo ta bakin wani ɗan acaɓa cewa ranar Juma'a ina tafe da kyamara. To a nan na fara kuskure ban sani ba. Don in burge tsohon, na ce a gaya masa duniya duka za ta gan shi, daga Legas har Makka, duk mai waya zai leƙa gidansa. Ni a wurina wannan talla ce kawai. Ban tsaya na auna yadda maganar za ta sauka a kunnen dattijon Bagobiri ba, a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fid da kai.

Ba za ni ce ban san ana fari ba, na sani sarai. A kan babur ina ganin gonaki hagu da dama sun ƙone a tsaye, kara bai kai ƙugu ba, mata suna tsintar ƙarangiya da 'ya'yan anza a gefen hanya. Shi ya sa da na sha kwanar gidan Kawu na ga dammunan gero jere a ƙofar gida, an tsara su har sun kusa kai tsayin danga, sai wani daɗi ya cika ni. Kawu yana tsaye a gabansu cikin babbar rigar sallarsa da rawani, maƙwabtansa ma kowa ya sha wanka. Na duƙa na gaishe shi, na ce lalle irin kakansa ya sake fid da mu kunya, ana kuka ko'ina shi ga abin da ya samu. Ya ce sai godiya, ya kawar da kai yana gyara bakin rawaninsa. Na ɗauka kunyar kyamara ce. Na tsai da shi inda hasken rana ya fi kyau, na zagaya shi, na ɗauki dammunan nan ta kowace fuska, ina ta murna ni kaɗai.

Da na gama da waje na shiga cikin gida. Inna mace ce mai barkwanci, duk zuwan da za ni yi sai ta kama hannuna ta ce kwamfutar nan tana shanye mini jini. Ran nan dai gaisuwa kawai munka yi. Na ce mata ina son in ɗauke ta tana daka, domin babu abin da ke tuna wa ɗan ci-rani gida kamar mace a bakin turmi. Ta dubi wajen zaure inda Kawu yake. Can sai ta jawo turmin gefen rumbu, ta ba ni baya, ta juye wani abu daga ƙaramar ƙwarya. Ni ina can ina durƙushe a ƙasa ina neman inda rana za ta fito ta bayanta ta yi kyau, don haka ko cikin turmin ban leƙa ba, kyamarar ma ba ta leƙa ba. Kafin ta ɗaga taɓarya ta tambaye ni, shin ɗan nata ganinta kawai zai yi, ko har ji zai yi. Na ce zai ji mana, har kukan kazar can zai ji. Ta fara daka da wani ƙarfi da ban zaci tana da shi ba. Ta tsaya tana haki, ta sake tambayata ko na tabbata zai ji. Na yi dariya na ce wallahi Inna zai ji. Sai ta ci gaba, ta yi ta dukan turmin nan har zufa ta jiƙa mata zane. Bayan haka anka kawo mini fura mai kauri na sha na ƙoshi, ban tambayi wa ya sha bayana ba.

Da la'asar ina shirin tafiya sai ga wasu mutane da jakuna sun zo suna ɗora dammunan. Na tambaya ina za a kai, wani maƙwabci ya ce ajiya. Na ce madalla, na ɗauki wannan ma, jakuna jere da lodin gero suna fita gari. Na koma Sabon Birni ina jin na yi aikin da ba a taɓa yi ba a ƙasarmu.

A nan dole in yi wa mai karatu ɗan bayanin sana'ar, domin a cikinta abin yake. Bidiyo yana da nauyi, wayoyin mutanenmu kuma ƙanana ne, data ɗinsu ta kwana ɗaya ce. Saboda haka sai an yanke shi, an matse shi har ya yi sauƙin da zai buɗe ko sabis na rangaji. Sannan manhajojin da ake buɗe shafi da su ba sa yarda bidiyo ya tashi da kansa in yana da sauti, sai mutum ya danna. In kana son ya tashi da kansa, kamar yadda na yi wa ƙungiya alkawari, dole ka kashe masa murya. Masu hankali sukan bar ɗan maɓalli mai hoton lasifika a gefe, wanda ke son ji ya taɓa. Ni na sa shi na duba, na ga ya zauna daidai kan rigar Kawu yana ɓata mini hoto, na cire shi. Da na cire kuma sai na ce to mene ne amfanin sautin da ba mai kunna shi, nauyi kawai yake ƙarawa. Na saurare shi sau ɗaya, iska ce da kukan akuya da wata ƙara ƙwal-ƙwal mai hawa kai. Na goge shi gaba ɗaya daga wanda za ni ɗora a shafin. Alkawarin da na yi wa Inna ya faɗo mini a rai, ba za ni ɓoye ba, amma na ce a zuciyata maganar tsofaffi ce, ina ta san bambanci. Bidiyon ya fito tas. Kawu gaban dammuna, Inna tana daka, jakuna suna tafiya, ya ƙare ya sake farowa, babu tsayawa.

Kai, abin ya yi farin jini! 'Yan ƙungiya sunka yi ta kirana suna sa albarka. Wani ya ce ya buɗe shafin a bakin aikinsa na gadi har hawaye ya zubo masa. Taubashina ya kira yana ihu, ya ce ashe ɗan inji yana da amfani, ya ce kullum da safe kafin ya buɗe buhun albasa sai ya kalli uwarsa tana daka. Ya ce da hankalinsa a tashe yake da labarin farin nan, duk ranar da ya samu Kawu a waya ba abin da yake ce masa sai sai godiya, amma yanzu ya gani da idonsa, ransa ya kwanta. Na ce ya riƙa gaishe ni da ladabi daga yau. A dalilin shafin nan wasu 'yan kasuwa a Sakkwato sunka neme ni, na rufe shago na tafi can, aiki ya bi aiki, na daɗe ban leƙa gida ba.

Da rani ya yi nisa, ƙungiyar ta yi karo-karo ta sayi masara a kurmi, anka loda mota zuwa Isa, daga can za a rarraba wa gidajen da sunka fi shiga matsi. A wurin taron da anka tsara rabon, taubashina ya miƙe ya buɗe shafin a wayarsa, ya ɗaga wa jama'a. Ya ce kowa ya ga abin da Allah ya hore wa mahaifinsa, don haka a cire gidansu, a ƙara wa waɗanda ba su da shi. Anka yi masa kabbara, anka yaba masa. Shi da kansa ya ba ni labari a waya, muryarsa cike da alfahari, ni ma na ji alfaharin, na ce aikina ne ya sa rabon ya tafi inda ya dace. Ranar da masarar ta isa ƙauyen, Kawu yana cikin dattawan da sunka tsaya anka raba ta gida gida. Ya sa albarka, ya koma gida hannu wofi.

Sai can cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, taubashina ya ce in turo masa bidiyon gaba ɗayansa, wanda ban yanke ba, yana son ya ajiye a wayarsa. Na tura masa da safe ina shan koko, na ma manta. Ban gama karyawa ba sai ga kiransa. Babu sallama, babu ɗan inji, babu tsiya. Tambayata kawai ya yi, me uwarsa ke dakawa a cikin turmin nan. Na ce gero mana, me kuwa. Ya ce ƙarya ne. Ya ce turmin da ke da hatsi amsawa yake da nauyi, dim-dim, kamar yana magana daga ciki. Wanga kuwa taɓarya itace take duka, babu komai a cikinsa sai ɗan ƙaiƙayi. Ya ce shi a bakin turmin nan ya tashi, ko daga bayan gari ya ji shi ya san abin da za a ci a gidan. Ya ce kuma Inna ba ta daka da irin wannan ƙarfin, kiransa take yi. Daga nan ya tambaye ni me ya sa bai ji wannan ba tun watannin baya.

Ni da taurin kai na tsaya ina musu. Na ce lasifikar wayarsa ce ta lalace, na ce da idona na ga gero, na sha furarsa. Amma ina magana tambayar Inna tana dawo mini, har sau biyun da ta yi ta. Na kashe waya na nufi tasha. Na sauka Sabon Birni na ari babur, ban ko shiga gidanmu ba na kama hanyar Tsamaye. Ina isa ƙofar gidan Kawu na kashe babur, sai na ji daka daga cikin gida. Ko ni ɗan inji na ji bambancin, dim-dim, dim-dim, turmi cike da hatsi. Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce alhamdu lillahi, mai albasa ya tayar mini da hankali a banza. Har na fiddo waya na ɗauki sautin daga zaure, don in tura masa in ci masa fuska.

Na yi sallama na shiga. Inna ce a bakin turmi, amma sai da na sake dubawa kafin na yarda ita ce, wuyanta ya zama kamar kara. Ta amsa gaisuwata ba ta daina daka ba. Ƙofar ɗakin Kawu a buɗe take, yana zaune kan buzu ya jingina da bango. Na shiga na duƙa, na ɗaga kai kamar yadda kowa ke yi in ya shiga ɗakin nan, sai na ga igiya kawai tana lilo a rufi. Damin iri babu shi. Na fito da gudu na riƙe taɓaryar a hannun Inna. Ta sakar mini ita ba gardama, ta ce na makara, wanga shi ne na ƙarshe, kuma an riga an jiƙa shi an surfa, ko an binne shi ba zai tsiro ba.

A tsakar gidan nan na ji komai. Geron Kawu ma bai kai labari ba a shekarar, abin da ya samu bai wuce damin irin da ɗan abin da za a taɓa ba. Da saƙona ya iso cewa duniya za ta leƙa gidansa, sai ya aika wa wani amininsa na wajen Burkusuma, wanda hadari ya yi wa gata, ya aro dammunan nan na yini ɗaya. Jakunan da na ɗauka mayar da su suke yi. Maƙwabta duk sun sani, amma wa zai tona asirin dattijo irin Kawu a gaban baƙon ido, ko a gaban masu rabon masara. Matansu sun riƙa turo wa Inna ɗan abin da ya samu a ɓoye ta bayan danga, har su ma nasu ya ƙare. An sayar da akuyoyi, an ci anza, an ci dusa. Da jikokin da Inna ke riƙo a gidan sunka fara kwana suna kuka, Kawu ya hau kan turmi da kansa ya kwance damin ya miƙa wa Inna, ya koma ɗaki.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ƙaryata mijinta a gaban duniya ba, kuma ba za ta iya hawa tudu ta kira ɗanta a bayan idon Kawu ba. Turmin nan shi kaɗai ne bakin da ya rage mata. Ta ce ta yi ta zuba ido, ta ɗauka ɗan nata ya ji ya yi biris da ita, wannan ya fi yunwar ci mata rai. Na ce mata bai ji ba, ni na kashe sautin. Ta dube ni ta ce ai na rantse mata. Kawu daga ɗaki ya ce a ƙyale yaro, shi ya aro gero, ba ni ba. Gaskiya ne shi ya aro. Amma Kawu abin da ubansa da kakansa za su yi ya yi, kuma matarsa ta samo hanyar da za ta gyara ba tare da ta kunyata shi ba. Hanyar nan ta hannuna ta biyo, ni na toshe ta don kada maɓalli ya ɓata mini hoto.

Taubashina ya taho da masara cikin 'yan kwanaki, gidan bai sake kwana da yunwa ba. Ya daɗe bai kira ni ɗan inji ba, kuma na yi kewar sunan. Ni da shi munka bi gidajen da Kawu ya taɓa sam wa iri, daga Gangara har ƙauyukan bakin iyaka, ko wani ya rage ko da cikin tafin hannu ne. Wasu sun cinye nasu tun kafin Kawu, wasu sun gauraya shi da wani geron tun shekarun baya. Ba mu samu ba. Da ruwan shuka ya sauka, ni na goyo Kawu a babur zuwa kasuwar Sabon Birni. Ya tsaya gaban mai awo, ya ɗebi geron a hannu yana murzawa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambayi mutumin ko ya san gonar da ya fito. Mai awo ya ce shi dai a buhu ya saya. Kawu ya ce a auna masa. Munka kama hanyar komawa, ƙullin irin yana tsakanina da shi.

Ban bar sana'ata ba, kuma ba za ni bar ta ba. Bidiyo a shafi abu ne mai kyau, na ga ya haɗa uwa da ɗa, na ga ya sayar wa manomi amfanin gonarsa. Abin da na daina shi ne ɗaukar cewa abin da ido ya gani shi ke nan labari. Yanzu duk bidiyon da na ɗora ina barin sautinsa, maɓallin lasifika kuma babba nake sa shi, ko a kan hancin wa ya zauna. Ina rubuta watan da anka ɗauka a ƙasa. Kafin in ɗora sai na kira ɗan gidan ya kalla ya saurara tare da ni. Kuma ban ƙara ce wa wani dattijo duniya za ta gan shi ba, sai dai in ce masa ɗansa ne zai gani.

'Yan'uwana masu gina shafi da masu yawo da kyamara a ƙauyukanmu, ku ji ni da kyau. Mutanenmu ba sa kuka a gaban baƙo. In kun je da kyamara za su sa rigar salla, za su dama muku furar ƙarshe, za su ce sai godiya. Kada ku zarge su, haka anka rene su, haka anka rene mu. Amma a kowane gida akwai wanda ke neman hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya zubar da mutuncin gidan ba, kuma sau da yawa ba da baki zai faɗa ba. In tsohuwa ta tambaye ku abu sau biyu, ku ajiye kyamarar ku tambaye ta dalili. In kun yi alkawarin za a ji, ku bari a ji. Ku kuma 'yan ci-rani, kada hoto mai motsi ya hana ku zuwa ku leƙa rumbun gidanku da idonku.

Sautin nan da na ɗauka daga zaure yana nan a wayata, na canza waya sau da yawa ina tafe da shi. Ban taɓa tura wa taubashina ba. Duk wanda ya ji shi zai ce gidan nan akwai wadata, turmi cike, daka mai daɗi. Ni kaɗai na san geron kakan Kawu ne ake dakawa, na ƙarshensa a duniya, kuma shi ne kawai dakan Inna da na tsaya na saurara.